Fitilar da Ke Ƙiftawa a Motar Efraín

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Yau ranar iyaye mata ce. Tun da safe maƙwabta suka saki kiɗa, gidan da ke kallon namu har masu jita aka ɗauko wa tsohuwarsu. Mu kuwa muka yi tattakinmu kamar bara, daga ƙofar coci zuwa ƙofar ofishin gwamnati mai binciken waɗanda suka ɓace, kowacce da hoton ɗanta rataye a wuya. Ba wanda ya fito. Wani mai gadi ya leƙo ta taga yana ɓare lemo.

A hanyar dawowa fitilar ta kama. 'Yar ƙarama ce, ruwan ɗorawa, mai siffar inji, kusa da allurar mai. Ƙawata Otilia ce ta fara ganinta, tana zaune a gaba da hoton ɗanta Rutilio a cinya.

"Herminia, motarki ta kunna miki kyandir. Ita kaɗai ta tuna yau ranarki ce."

Muka yi dariya, har Doña Crescencia, shugabarmu, wadda ba ta cika dariya ba. Ban gyara wa Otilia ba, amma ba motata ba ce. Ta ɗana Efraín ce. Riƙe masa nake yi.

Da na gaya wa mijina Nazario, bai ɗago daga kwanonsa ba. Ya ce, "Manna mata baƙin salatif ki huta, tsohuwa." Shekara talatin da huɗu da aurenmu, wannan ce shawararsa a kan komai.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Na tayar da motar kafin coci. Fitilar na nan.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Doña Crescencia ta zo rumfata a kasuwa. Ta jira na sallami masu sayen tamal, alalen masarar da nake sayarwa, sannan ta matso har ina jin numfashinta. Wani mutum ya kira ta jiya. Bai faɗi suna ba, ba sa faɗa. Ya ce mu duba gonar da ke sama da ƙauyen Tres Amates, bayan tsohon murhun bulo, gindin katangar dutse. Ya ce ba mutum ɗaya aka binne a wurin ba.

An sayar da gonar. Sabon mai ita zai sa tarakta da zarar damina ta sauka, kuma in tarakta ta bi wuri, shi ke nan. Ofishin ya ba mu takarda da 'yan sanda biyu na rakiya, na rana ɗaya tak: Asabar, 31 ga wata.

Tafiyar awa uku ce, awar ƙarshe duk hawa ne. Bas ba ta zuwa. 'Yan sandan ba sa ɗaukar kowa a motarsu. Tun da mijin Amparo, ta huɗunmu, ya sayar da akori-kurarsa, motar Efraín kaɗai ta rage mana: mu huɗu, da shebur, da sandunan ƙarfe, da jarkokin ruwa.

Ta ce, "Za ta kai mu?"

Na ce za ta kai mu. Ban ambaci fitilar ba, ita ma ba ta ambata ba, alhali ta gani da idonta.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma



Na ɗauko buhun garin masara biyu, ina hawa tudun kasuwa, sai motar ta fara kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Na taka totur, ba ta amsa ba. Wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya shigo ta taga. Da na duba, fitilar ta daina tsayawa wuri ɗaya. Tana ƙiftawa. Kama, mutu, kama, mutu.

Muryar Efraín na ji tsaf, kamar yana kujerar gefe, ranar da yake koya mini tuƙi a filin ƙwallo: "Mama, in ta tsaya cak, ki lallaɓa ki zo gida. In tana ƙiftawa, ki sauka gefe ki kashe. Mai ne ke wucewa bai ƙone ba, zai je ya dafa salansa, daga nan ya ja wa injin. Kin ji ko? Maimaita mini."

Na sauka gefe na kashe. Na maimaita masa, ni kaɗai a cikin mota, da ƙarfi. Wata mata da ke wucewa da kaji ta tsaya tana kallona.

Sai da inji ya huce na gangaro gida a hankali, giya ta biyu. Saura kwana goma sha shida.

Juma'a, 16 ga Mayu, da safe

Nazario ya ce, "Ki kai ta wurin Cástulo mana."

Ba zan rubuta amsar da na ba shi ba.

Amma zan rubuta wannan, don in gan shi a takarda. Shekara tara Efraín ya yi a garejin Don Cástulo. Ranar Laraba ce aka kira garejin, wai mota ta mutu a hanyar kogi, a turo bakanike. Cástulo ne ya ɗauki wayar. Cástulo ne ya ce, "Efraín, ɗauki babur ka je." An sami babur ɗin a jingine da bishiya, makulli a jiki. Shekara biyu da wata uku ke nan. Tun daga ranar ban bi ta layin garejin ba. In na hango shi a coci, sai in koma ɗaya ɓangaren.

Na buɗe murfin tanki na ɗaure shi sosai, don na taɓa jin Efraín ya ce wani lokaci shi ne kawai. Ba shi ba ne.

Asabar, 17 ga Mayu, tsakar rana

Yau matan sun fita ba ni. Bas suka hau zuwa bakin juji, kusa, inda muka riga muka duba sau uku. Asabar ta farko ke nan da na zauna a gida. Na share tsakar gida sau biyu. Na wanke labulen ɗakin Efraín, duk da ba datti.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Na lallaɓa zuwa shagon kayan gyara da ke kusa da tasha. Mai shagon mace ce, tana da wata 'yar na'ura da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Ta durƙusa ta jona, ta daddanna, ta nuna mini wasu lambobi.

"Silinda ta uku ce, Doña. Ba ta kama wuta daidai."

"To me ya lalace?"

"Na'urar ba ta faɗar wannan. Wurin kawai take nunawa. Zai iya zama fulogi, zai iya zama kwayil ɗin da ke ba shi wuta, zai iya zama nozul. In ba sa'a, injin ne da kansa."

"In ke ce, da me za ki fara?"

"Da fulogi. Amma in ni ce, wurin bakanike zan je."

Na karɓi fulogi huɗu. Tana sa mini su a leda ta ce, "Ai na san motar nan. Mai ita yakan zo nan, mai yawan tsokana." Sai ta ƙara mini leda ta biyu ba dalili.

Yakan zo, ta ce. Ba ta ce ya kasance yana zuwa ba. Na riƙe wannan har gida.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na buɗe akwatin kayan aikin Efraín. Ban taɓa buɗewa ba. Kowace sifana da ɗigon jan fenti a gindi, don kada ta ɓace cikin na wasu. Akwai tsumma a naɗe a sama. Na san bai kamata ba, amma na shinshina. Baƙin mai ne kawai. Baƙin mai kawai.

Nazario ya fito ya tsaya a kaina. Ya ce zan lalata, sannan ya karɓi sifanar, sannan ya mayar mini. Haka muka yi aikin: ni ina kwancewa, shi yana faɗa. Na farko ya fito a bushe, na biyu a bushe. Na uku ya fito sharkaf da baƙin mai, har yana ɗiga a kan takalmina.

"Ga ɓarawon nan," in ji Nazario.

Na goge ramin da tsumma a kan sanda, na ɗaura sababbi, na mayar da komai yadda na same shi. Da na murɗa makulli ta tashi lafiya lau, ba kakkarwa. Nazario ya buga bonet da tafin hannu ya ce, "Uwar bakanike!" Rabon da in ga haƙoransa na manta.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma

Kasuwa da dawowa, ba ta ƙifta ba. Na kira Otilia na ce ta shirya takalmanta.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Ta dawo. Daidai wurin, a tudun kasuwa. Ya fi na da.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Saura kwana tara. Saura kwana tara. Na zauna a cikinta a ƙofar gida ban tayar ba. Na ce mata, ke ma? Ke ma za ki yi mini haka?

Juma'a, 23 ga Mayu, tsakar rana

Mun yi faɗa da Nazario, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ya ce in sayar da ita ga masu tsofaffin ƙarafa in zauna a gida kamar kowace mace mai hankali. Ya ce duk Asabar ina dawowa da ƙasa a farce da wani wari a gashina, ba ya iya cin abinci. Ya ce shi ma ɗansa ne. Sannan ya faɗi kalmar. A kan Efraín. A cikin kicin ɗina, kusa da kujerar da yake zama.

Na jefe shi da ludayi. Ban same shi ba. Ya tsaya yana kallon ludayin a ƙasa, sannan ya sunkuya ya ɗauka, ya wanke, ya rataye a wurinsa, ya fita.

Ba zan rubuta kalmar ba. Babu wanda ya nuna mini komai. Sai an nuna mini.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai ta wani gareji a bakin babbar hanya inda ba a san ni ba. Mutumin bai ko buɗe bonet sosai ba. Ya saurara, ya tsotsi haƙori, ya ce injin ya gama yawo, sai an sauke shi, sati uku in an yi sauri. Na ce kwana bakwai nake da su. Ya ce, "Biki za ki, Doña?" Na ce e, biki.

Da na dawo na tarar da Otilia zaune a dakalin ƙofata, ko gida ba ta je ba daga fitar yau, sandar ƙarfenta a gefe. Na gaya mata komai. Ta saurara har na gama.

"Akwai mutum ɗaya a garin nan da ya san injin nan ciki da waje, kuma kin san shi."

"Kada ki fara, Otilia."

"Na fara. Shekara huɗu ina soka ƙarfen nan a ƙasa ina zaro shi ina shinshina bakinsa kamar karya. Gwiwoyina sun ƙare. Yanzu an ce ga wuri, an ba mu rana ɗaya, ke kuma kina lallashin fushinki kamar jariri. Ki gaya mini, Herminia, fushinki ya fi Rutilio? Ya fi Efraín?"

"Shi ya tura shi."

"Ni ce na tura nawa sayo gas. Ni. Da bakina. Ki daina gaishe ni ni ma mana."

Ba ta taɓa gaya mini wannan ba. Shekara biyu muna zama kujera ɗaya. Ta tashi ta ɗauki sandarta, ba ta ko karɓi kofin da na zuba mata ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan coci

Na ga Cástulo a layi na uku. Ya rame. Ban koma ɗaya ɓangaren ba, amma ban yi magana ba.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na je.

Tun kafin in shiga layin ya gane ƙarar motar. Na same shi a tsaye a ƙofar garejin, hannuwansa a sake. Ya cire hula.

"Doña Herminia."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Fitila tana ƙiftawa. Silinda ta uku. Na canza fulogi, ta yi kwana ɗaya ta dawo. Ina bukatarta ranar Asabar da asuba, za ta hau Tres Amates da mutum huɗu."

Bai tambayi me za mu yi a can ba. Duk garin an sani.

Ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba. Akwai wata waya da Efraín ya ɗaure da shuɗin zare, na ga idonsa ya tsaya a kai. Sannan ya zaro kwayil na uku. Robar da ke bakinsa ta kumbura, ta jiƙe da mai, kuma sabon fulogina ya sake yin sharkaf.

"Ke kika ɗaura waɗannan?"

"Ni ce."

"Kin ɗaure su daidai."

Ya ce kafin a sayi komai sai an tabbatar. Ya ɗauki kwayil na uku ya kai silinda ta ɗaya, ya kawo na ɗaya ya sa a ta uku. Ya ce in ciwon ya bi shi ya koma ta ɗaya, to kwayil ne. In ya tsaya a ta uku, to matsalar tana ciki, kuma ba zai yi mini ƙarya ba, ba za ta kai Asabar ba. Ya share abin da na'urarsa ta nuna, muka zaga layin sau biyu, shi yana tuƙi, ni ina kallon taga. Ta fara kakkarwa. Muka dawo ya jona na'urar.

Ban taɓa roƙon Allah a kan lamba ba sai yau. Ɗaya, ya Ubangiji, ɗaya.

Ya juyo da fuskar na'urar gare ni. Ɗaya.

Sai da na dafa bango. Ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da bayani yana kallon injin: gasket ɗin murfin sama ne ya tsufa, mai yana zuba cikin ramin fulogi, shi ya kashe kwayil ɗin. In aka sa sabo ba a toshe yoyon ba, shi ma zai mutu. Gasket yana da shi. Kwayil sai an aiko daga birni, Alhamis.

Ina shirin fita ya ce, "Bayana ne ke ciwo ranar. Ni ya kamata in je. Na riga na ɗauki makullin babur, ya ce, 'Zauna, tsoho, kada ka karye a hanya.'"

Na ce, "Alhamis ƙarfe nawa?"

Ya ce sha biyu.

Da ƙafa na dawo gida. Ban yi kuka ba sai da na wuce gidan burodi.

Talata, 27 ga Mayu, da safe

Wurin da take kwana a ƙofar gida fayau, sai tabon mai a ƙasa. Nazario ya zuba toka a kai. Har yanzu ba ma magana, amma ya bar mini kofi a kan murhu, ya rufe da faranti.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Hadari ya haɗo ta kan duwatsu. Duk wanda ya zo rumfata sai ya ce, "Allah ya kawo ruwa, masara ta kusa shiga ƙasa." Ina cewa amin. Ina ƙarya. Ni kaɗai ce a kasuwar nan nake roƙon kada a yi ruwa. Allah ya yafe mini, manoma ba su yi mini komai ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Kayan ya iso. Ba shi ba ne. Bakin da waya ke shiga mai ƙafa uku ne, namu mai huɗu. Cástulo ya jujjuya shi a hannu, ya kira birni ya zage su tas, suka ce sai Litinin.

Litinin.

Na zauna a kan tsohuwar taya. Na ce masa to a cire fitilar kawai, in tafi haka, in ta mutu a hanya ta mutu. Ya ce ba za ta kai rabin hawan ba, kuma salansa zai iya yin ja ya kama busasshiyar ciyawa da mu a ciki. Na ce to me kake so in yi, in goya su? Na ɗaga murya. Na faɗi abubuwa. Na ce sau biyu ke nan yana cutar da ni. Ya tsaya ya karɓe su duka.

Ina fitowa aka fara yayyafi.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Yayyafi ne kawai, ya ɗauke. Doña Crescencia ta kira wata mata a Tres Amates, ta ce can ko ƙasa bai jiƙa ba. Tarakta tana nan a ajiye a bakin gonar, an riga an kawo ta.

Juma'a, 30 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar da mota biyu a garejin, bonet a buɗe: ta Efraín, da wata farar mota da na sani, ta 'yarsa ce mai aikin jinya, wadda take zuwa asibitin birni da ita kullum. Injinsu iri ɗaya ne. Tun da asuba ya hau bas ya je ya karɓo ta.

"Ita fa da me za ta je aiki?"

"Da bas, kamar ubanta. Riƙe mini nan."

Na riƙe masa murfin yana kankare tsohon gasket, wanda ya bushe yana karyewa kamar ƙanzo. Ya wanke ramukan fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya busar, ya shimfiɗa sabon gasket, ya ɗaure kusoshin daga tsakiya zuwa gefe. Ya ce, "Haka na koya masa, shi kuma kullum sai ya fara daga gefe don ya ba ni haushi." Na ce a gida ma haka yake, in ka ce dama sai ya yi hagu yana dariya. Shi ke nan abin da muka ce. Amma a kansa muka yi magana, mu biyu, kuma rufin bai faɗo ba.

Ya ciro kwayil daga motar 'yarsa ya ɗaura. Ya share lambobin. Ya loda buhunan yashi huɗu a baya, nauyin mutane, ya ce ni zan tuƙa. Muka nufi tudun kasuwa. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a kan fitilar. Muka wuce wurin da ta saba kamawa. Muka kai sama. Ya ce a sake. Sau huɗu muka hau. Ba ta kama ba.

Ya ce yana so ya bi mu gobe, ko da wani abu zai taso a hanya. Zai zauna a baya tare da shebur, ba zai yi magana ba. Na ce ba ni ke yanke wannan ba, Doña Crescencia ce. Na kira ta. Ta ce, "Ya iya haƙa?"

Asabar, 31 ga Mayu, ƙarfe biyar na asuba

Na fito na tarar an cika jarkokin ruwa an jera su a but, da ƙullin tortiya, gurasarmu ta masara, da wake na mutum biyar. Nazario yana tsaye a ƙofa da rigar barci. Ya ce, "Ki bi a hankali a kwanar gada, tsohuwa." Na ce to.

Asabar, da magariba

Ta kai mu. Ta dawo da mu. Mun samu.

Lahadi, 1 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Ban je coci ba. Bari in rubuta tun ban fara canza shi a kaina ba.

Mun isa ƙarfe tara saura. 'Yan sandan suka tsaya a inuwa. Muka jeru a gindin katangar, taku ɗaya, a soka ƙarfe, a zaro, a shinshina, taku ɗaya. Har rana ta take ba komai sai ƙasa da saiwa. Amparo ta fara cewa an yaudare mu kamar na watan Janairu. Wajen ƙarfe ɗaya Doña Crescencia ta zaro sandarta ta kai hanci, ta miƙa mini. Na sani. Duk mun san warin nan.

Cástulo ya haƙa har gwiwa, sannan muka ce ya fita, daga nan da hannu ake yi. Muka durƙusa. Tufafi ne suka fara fitowa. Ina share ƙasa da yatsu ina cewa a zuciyata, kada ya zama rigar gareji, kada ya zama, sannan ina cewa ya zama, ya Allah ya zama, in huta. Ban san wanne na fi roƙa ba.

Wandon jins ne. A gwiwar hagu akwai faci, an ɗinke shi da koren zare, manyan ɗinki a karkace.

Otilia ta ce, "Ku dakata." A hankali ta faɗa, kamar mai gudun tayar da wani daga barci. Ta sa yatsa ta bi ɗinkin daga farko har ƙarshe. "Baƙin zarena ne ya ƙare ranar. Ya yi ta mita, wai abokansa za su yi masa dariya." Sannan ta kwanta a gefen ramin ta sa kumatunta a ƙasa ta ce, "Na zo, ɗana. Na daɗe, ka yi haƙuri. Na zo."

Doka ta ce da an ga abu a tsaya a kira masu gwaji, masu fararen kayan nan, don haka muka tsaya. Sun zagaye wurin da igiya. Sun ce mutum uku ne, wataƙila huɗu, sai an gwada jini, wata biyu ko fiye. Na leƙa iyakar inda aka bar ni. Ban ga komai nasa ba. Tarakta dai ba za ta shiga ba yanzu.

A hanyar dawowa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.  Otilia ta yi barci a kafaɗar Amparo, barci na gaske, da baki a buɗe.

Ga abin da ba zan gaya wa Fada ba. Da ta ce ɗinkinta ne, na ji daɗi, don ba nawa ba ne. Kafin mu kai gada kuma na ji ina ƙyashinta. Ita ta san inda nata zai kwana.

Litinin, 2 ga Yuni, da safe

Nazario ya tambaye ni, "Akwai?" Na ce ban gani ba. Ya gyaɗa kai, ya shiga bayan gida ya daɗe, famfo a buɗe.

Laraba, 4 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na kai wa Otilia tamal, don na san ba ta girki. Gidan cike da 'yan uwanta daga ƙauye, an kunna kyandirori, duk da masu gwaji ba su ce komai ba tukuna. Ita ta ce ba ta jiran takarda ta gaya mata ɗinkin hannunta.

Na zauna kaɗan na tashi. Ban san yadda ake zama da ita ba yanzu. Na yi ta tunanin wa zai karɓi kujerar gaba, da yadda zan ce mata na gode da shekara biyun nan ba tare da muryata ta tona ni ba.

Ta rako ni har bakin mota. Idanunta sun kumbura, amma ta tsaya a miƙe, yadda ban taɓa ganinta ba. Na buɗe ƙofa na ce ta huta, ta kula da gwiwoyin nan, zan riƙa leƙowa.

Ta ce, "Asabar ƙarfe nawa za ki zo ɗaukata?"

Na ce, "Otilia, ai ke kin samu naki."

Ta dube ni kamar na zage ta.

"Naki fa?"